Rabin Lambun Illo

Zogale ne ya kai Tsahara Jiratawa, ba soyayya ba. Innarta ta aike ta daga unguwar Zariya ta cikin Maraɗi, ta hau kabu-kabu tana ƙunƙuni, ta sauka fadamar Gulbin Maraɗi takalmanta na nutsewa cikin laka. Mai lambun ya ɗago daga ban ruwa, ya tsaya kallonta har ruwan ya ɓalle ya shiga lambun maƙwabci.

"Malam, ruwanka na tahiya," ta ce.

"Bar shi. Shi gobe ma yana zuwa, ke ce ban sani ba."

Sunansa Illo, kuma wai shi ne mai kunyar garinsu!

Ba a daɗe ba ya fara zuwa zance, yana ce mata Raɓata, tana ce masa Nawan. Sai dai ranar da ya duƙa gaban mahaifinta, Alhaji Jibo, magana ta tsaya.

"Yaro, kakanninmu cikin fadamar nan suke zaune," in ji Alhaji. "Ruwa ya cinye tsohon Maraɗi, shi ya sa gari ya hawo tudu. Tsohona har ya rasu, in hadari ya haɗo ba ya iya cin tuwo. Gidanku bakin gulbi yake. Ba ni mai da ɗiyata inda muka gudo."

"To, Baba," kawai Illo ya ce.

Daga nan zuwansa ya ja baya. In ma ya zo, gyangyaɗi yake a kan tabarma. Ta tura masa saƙo: "Nawan, yau ma ba ka zuwa?" Amsar ba ta sakewa: "Raɓata, yi haƙuri, na gaji."

Kullum na gaji, kullum na gaji. Ga Shamsu ɗan mai sayar da fetur a Sabon Gari yana ta sintiri ƙofar gida, Alhaji na yi masa fara'a. Ga labari ya iso cewa ana yawan ganin Illo gidan Malam Ilyasu na kan tudu, mai ƴan mata. Tsahara ta rame, abinci ya fita ranta. Ran nan ta rubuta: "In ka samu wata, ka faɗa mini. Wallahi ni ma na gaji."

Ya amsa: "Zo tudun Jiratawa gobe da la'asar. In kin gani kin ce in bari, na bari."

Ta same shi yana sauke tubali daga amalanke, gini ya kai ƙirji, hannuwansa duk sun tsattsage.

"Filin wa ne wannan?"

"Naki. Na ba Malam Ilyasu rabin lambuna, ya ba ni nan."

"Lambun gadon tsohonka? Illo, mi za mu ci?"

"Rabi," ya ce, bai iya kallonta ba. "Ba za mu ƙoshi yadda na so ba. Shi ya sa na kasa faɗa miki. In ba ki iyawa, ban ga laifinki ba."

Ta zauna kan tubali ta yi kukanta mai isarta, kukan tausayi da na haushi gaba ɗaya. Sannan ta tashi ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Kai dai ba ka da wayo ko kaɗan. Miƙo mini tubalin."

Da Inna ta kai wa Alhaji labari, da kansa ya zo. Ya zagaya ginin, ya tsaya ya daɗe yana hangen fadama a ƙasa, kore shar.

"Mu ruwa ya ƙwace mana tamu," ya ce a hankali. "Kai da hannunka ka ba da taka. Na san zafin abin. Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Zariya. Da aka kai amarya, rufin ɗakin bai ma gama bushewa ba, ango kuwa ya fi kowa rama. Gwaggo Maijidda, yayar Alhaji da ta zo daga Tibiri, ta kama hannuwansu ta haɗa.

"Ku yi haƙuri da juna," ta ce. "Allah ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa albarka cikin rabin da ya rage."

Duk ɗakin ya amsa da amin, amma ta Tsahara ta fi ta kowa ƙarfi.