Koriyar Mota Mai Ƙofa Biyu

Sufeto na cikin shan shayi a ofishin 'yan sanda sai wani mai kemis ya shigo yana haki, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, an sace ta!"

"Wa aka sace? 'Yarka?"

"Motata. Koriya, mai ƙofa biyu. Ta girme ka, amma in ka gan ta sai ka rantse jiya aka ƙera ta."

Sufeto ya ajiye kofi, ya kira Kofur, suka bi shi.

A hanya mai kemis ya ba su labari. A bayan wani gida ya tsinto motar, kaji na ƙwai a cikinta. Shekara da shekaru shi da abokansa biyu suna haɗuwa duk Asabar suna tayar da ita. Shi ya yi fenti da wayoyin wuta. Tela ya ɗinka kujeru. Injin kuwa aikin wani tsohon malamin lissafi ne da yara suka sa wa suna Malam Sifana, don ba a raba aljihunsa da sifana. Ko sau ɗaya motar ba ta hau titi ba tukuna. Jiya Lahadi mai kemis ya kai iyalinsa unguwa, ya dawo ya tarar da gareji wayam.

Sufeto ya tsaya a bakin garejin yana kallo. Ba a fasa kwaɗo ba. Tamfol ɗin da ake rufe motar yana kan benci a ninke, kusurwa ta haɗu da kusurwa. Ƙofar garejin matsattsiya ce, an kuma jingina kwali a gefenta na dama da na hagu.

"Wannan kwalin fa?"

"Ba ni na sa ba," in ji mai kemis.

"Kofur, ka taɓa ganin ɓarawon da ke tsoron kada fenti ya karce?"

"Ko wanda ke ninke tamfol ban taɓa gani ba, yallaɓai. Ni kaina ba na ninke bargona."

"Su wa ke da makulli?"

"Mu uku," in ji mai kemis. Ya rage murya. "Tela nake zargi. Kullum cewa yake motar ta fi dacewa da shi."

"Akwai wata rigima a tsakaninku?"

"Ko kaɗan."

Maƙwabciyar garejin wata dattijuwa ce mai kiwon zabi. Sufeto ya gaishe ta.

"Inna, kin ji wani abu jiya?"

"Na ji mana, ɗan nan. Da hantsi aka tayar da ita. Ta daɗe tana gurnani wuri ɗaya, har na gama shanya ba ta motsa ba."

"Kin ga direban?"

"Idona bai kai ba. Na dai ga ta fito a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ta miƙe hanyar tudu, wajen tankin ruwa."

Sufeto ya kalli Kofur. Ɓarawon ma har ya tsaya ya ɗumama inji.

Sun sami Tela a shagonsa, allura a baki.

"Ina kake jiya da hantsi?"

"Nan nake, ranka ya daɗe."

"Mai shagon kusa da kai ya ce a rufe ya gan shi."

Tela ya cire allurar. "To, na je kallon ƙwallo. Matata ce ba na so ta ji, na ce mata aiki ya yi min yawa."

"Abokinka ya ce kai yake zargi."

"Ni?" Tela ya miƙe tsaye. "Ni da na ɗinka kujerun nan da hannu, har yatsuna suka yi kanta? To ya gaya maka abin da ya shirya yi yau?"

"Faɗa min."

"Sabon inji ya sayo, irin na motocin zamani. Yau bakanike zai zo ya cire tsohon. Ranar Asabar ya faɗa mana, muna wanke hannu."

"Malam Sifana ya ce me?"

"Uffan bai ce ba. Ya goge sifanarsa, ya sa a aljihu, ya tafi."

Malam Sifana na zaune a tsakar gida yana wanke fulogin mota a cikin gwangwani. Dogo ne, siriri, tabaronsa ɗaure da zare.

"Malam, ina kake jiya?"

"A kwance. Baya ke damuna."

"An ce za a cire injinka."

"Motarsa ce. In ya ga dama ya sa mata injin niƙa."

Sufeto ya duba ko'ina, babu mota, babu alamar taya. Ya yi sallama.

"Mu kama shi, yallaɓai?" in ji Kofur a waje.

"Da wace shaida? Ninke tamfol ba laifi ba ne. Kira min su ukun, su same ni a gareji."

Da la'asar suka hallara. Sufeto ya zauna kan tsohuwar taya, ya haɗa rai.

"Na sami labarin motarku, kuma ba mai daɗi ba ne. Wani ya gan ta a tudun tankin ruwa. Ya ce tun daga ƙasa take tari, hayaƙi baƙi ƙirin, a tsakiyar tudun ta mutu. Sai da mutane suka tura ta, ana ta dariya."

Mai kemis ya tafa hannu. "Kun ji ko? Na faɗa muku injin nan ya gama yayi. Malam, da ka ji maganata..."

"Ni ma na yi mamaki," in ji Sufeto. "Mota kamar wannan, a ce an ba wanda bai san aiki ba ya haɗa mata inji."

"Ƙarya ne!"

Malam Sifana ne, a tsaye.

"Wallahi ƙarya yake yi, ko wane ne! A giya ta uku ta haye tudun nan, ko totur ban cika ba. Hayaƙi? Sa farin ƙyalle a bakin salansa ka gani! Har wata motar zamani na wuce a kan tudun, direban yana leƙe!"

Kofur ya juya baya yana danne dariya.

"Bayan naka ya warke ke nan, Malam," in ji Sufeto.

Malam Sifana ya zauna a hankali. "Tana gidan ƙanwata, bayan tanki. Na rufe ta da zanin gado." Ya dubi mai kemis. "Kowane fiston da hannuna na wanke. Kana so ka jefar da injin nan bai taɓa ganin titi ba. Na ce sai ya yi tafiya ko sau ɗaya, in ya so a ɗaure ni."

"Ka bari aka zargi Tela," in ji Sufeto. "Kuma ka ɗauki abin da ba naka ba. An riga an shigar da ƙara, sai ka bi ni ofis."

"Na sani. Tela, ka yafe ni."

Tela ya matso kusa. "Bar wannan. Kujerun fa? Yaya suke a kan hanya?"

"Kamar katifa."

Suka ɗunguma gidan ƙanwar. Da aka yaye zanin, rana ta bugi koren fentin, Sufeto ya zagaya motar yana kallo. Dole a kai ta ofis a matsayin shaida. Kofur ya miƙa hannu a ba shi makulli, mutum uku suka ce "A'a!" baki ɗaya.

Don haka wanda ake tuhuma ne ya zauna a sitiyari. Murɗawa ɗaya injin ya kama, muryarsa a kwance, ba tari, ba hayaƙi. Mai kemis ya sunkuya, ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya daɗe a haka. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba.

"Bakaniken ne," ya ce. Ya kashe ta, ya mayar aljihu.

Sufeto ya zagaya, ya shiga ya zauna kusa da mai laifin, ya kama ƙofa zai ja.

"Yallaɓai," in ji Malam Sifana, "a hankali. Ba a buga mata ƙofa."