Gayyar Bangon Baƙi

Ranar da Maryama ta fara ganin Haruna, durƙushe yake da tsumma da bokiti a jikin bangon gidan malamai, a reshen jami'ar da ke koyar da noman rani bayan garin Matameye. Shekarar ce damina ta yi gardama, sojoji suka karɓi mulki, iyaka ta rufe, 'yan ci-rani suka zauna gida.

Malamai biyu baƙi ke zaune a gidan. A gefen Nabil, Bafalasɗine masanin rijiyoyi da ake kira Mushe Nabil a lafazin Faransanci, wani ya rubuta "ɗan ta'adda" da baƙin man mota. A gefen Madam Esta, Bayahudiya 'yar Maroko mai nazarin ƙasa, wani hannun ya rubuta "jinin la'ana". Ɗalibai sun taru, kowa ya zaɓi rubutun da zai yi wa fushi, ya kau da kai daga ɗayan. A cikinsu Haruna kaɗai ke dirzar duka biyun.

"Malam, ruwa kake ɓarna a shekarar fari," in ji Maryama. "Mai ya shiga yaɓe. Sai an kankare an sake."

Ya ɗago yana murmushi. "Ke magina ce?"

"'Yar Sarkin Magina Illa ce. Babana ya yi bangon nan."

Tun daga ranar suka saba. An ce so makaho ne. Na Maryama dai ido biyu ya shigo, ya duba hannun mutum kafin fuskarsa.

Direktan reshen ya hana taron nuna wa malaman goyon baya, ya ce sojoji sun hana cincirindo. Maryama ta tura wa Haruna saƙo: "Nawa, an hana zanga-zanga, amma wa ya taɓa hana gayya? Mu kira gayyar yaɓe ran Asabar."

Ya amsa: "Tauraruwata, kanki ya fi na direkta. Allah Ya bar mini ke."

Sai dai akwai Sallau, ɗan aminin mahaifinta, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu. Shi ya kai wa Alhaji Illa labari, ya kuma tare Maryama a bakin famfo.

"Kina tsammani don Allah yake yi? Madam ce za ta samo masa karatu a waje. Ya tafi ya bar ki da bokiti."

Kwana biyu ba ta ɗauki wayar Haruna ba. A na uku ta rubuta: "Gaskiya ne tafiya kake nema?"

"Ta yi mini tayi tun bara, na ƙi," ya amsa. "Tambaye ta. Gonar babana ce ke mutuwa, ba ta Turawa ba. Kuma ke nan kike."

Ta tambayi Madam Esta, ita kuwa ta gaskata shi. Maryama ta kwana da kunya da farin ciki.

Alhaji Illa kuwa ya kafe. "Ba zan ba da 'yata ga mai goge wa Yahudawa bango ba. Ba ki ganin abin da ake yi a Gaza?"

"Ina gani, Baba, ina kuka. Mushe Nabil ƙanwarsa na can. Shi da Madam kullum sai sun yi musu kamar za su cinye juna. Amma ita ta fara kai masa abinci ranar da aka zage shi."

"In kika taka wurin gayyar nan, maganar yaron ta mutu."

Ran Asabar ta yi sallar asuba, ta dama fura da ɗan geron da kakarta ta ba ta, ta ɗora ƙwarya a ka, ta fita ta gaban zauren mahaifinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta wuce.

Da hantsi ya biyo ta da sanda. Ya tarar da ɗalibai kusan arba'in, mai ganga na kiɗa, jami'an tsaro na jandarma biyu a inuwa suna shan fura. Mushe Nabil na kankare gefen Madam, ita tana kankare nasa, suna ta gardama da Faransanci. Alhaji ya buɗe baki zai kira 'yarsa, sai idonsa ya faɗa kan yaɓen.

"Innalillahi! Wane maras tsoron Allah ya kwaɓa wannan? Kunu ne ko siminti? A bangona?"

"Ni ne, Baba," in ji Haruna, ya sunkuyar da kai.

"Kai ne mai digirin? Miƙo cokalin ginin nan!"

Ya naɗe hannun riga. Yana matsowa ya ga ragowar rubutun, ya sa aka karanta masa duka biyun.

"Shekara ashirin ina ci-rani," ya ce. "Na san yadda baƙo ke kwana in an yi masa rubutu a ƙofa." Ya juya wurin malaman. "Ku yi haƙuri. A bangon da na gina, ba a zagin kowa."

Har azahar yana yaɓe, Haruna na miƙo masa kwaɓi, yana shan faɗa. Da aka gama, Alhaji ya kama tafin yaron ya duba: duk siminti ya cinye shi.

"Ba ka iya komai ba," ya ce, "amma ba ka gudu ba. Ka turo manyanka."

Bayan Sallah ƙarama aka ɗaura aure a ƙofar gidan Sarkin Magina. Biki ne na shekarar fari, tuwo ba yawa, mutane ba masaka tsinke. Mushe Nabil ya zauna sahun gaba, Madam Esta na cikin gida an ɗaura mata zani, tsofaffi na koya mata guɗa tana kasawa.

Da za a kai amarya, Alhaji Illa ya dafa kan 'yarsa.

"Kin saɓa mini sau ɗaya, kuma ke ce da gaskiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba mu ruwa, Ya sa gidanku ya zama inuwar baƙo."

Gida ya amsa da amin.