Kekunan Layin Baya

"Ba zan iya ba, Inna! Wallahi bakina ba zai iya faɗa masa ba!"

"Zai iya," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba daga zaren da take zurawa a allura. "Bakin da kike washe masa a ƙofar gida, da shi za ki faɗa."

Auta ta jingina da bango.

To bari in warware muku yadda abin yake. Shekara biyu ke nan wata gidauniya ta ba cibiyar Inna kekunan ɗinki goma sha biyu, don a koya wa matan unguwa sana'a, yawancinsu masu riƙon marayu. Kowane keke an manna masa ɗan ƙarfe mai lamba a ƙasansa. Sharaɗin ɗaya ne tak: keke ba ya barin ɗakin nan.

Ita kuwa Inna, Allah ya yi ta da zuciyar auduga. Mace ta ƙware, ta zo tana hawaye babu na cefane, sai ta ce, "Ɗauki ki je, in kin sayi naki kya dawo da shi." Biyar suka fita haka. Biyu sun bar gari da masu su, ɗaya an sayar ranar da yaron matar ya kwanta asibiti, sauran biyun kuwa sai "gobe in Allah ya yarda".

Shi ne yau da sassafe, da yake gidauniyar za ta turo a duba kekunan, ta aro biyar a wurin telolin kasuwa, ta jera su a layin baya, ta lulluɓe da atamfa.

Mai zuwa dubawar kuma ba kowa ba ne illa Mai Tocila. Matan cibiyar ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba ya yarda da ƙirga da ido. Durƙusawa yake yi, ya haska ƙasan kowane keke, ya karanta lamba. Shi ne kuma saura wata biyu ya auri Auta, 'yar Inna.

"In ya rubuta gaskiya rufe mu za su yi," in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa. "Har bakwai ɗin su kwashe. Mata talatin, Auta. Ina za su dosa?"

Ƙarfe huɗu ya iso, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayansa. Auta ta tare shi a bakin ƙofa.

"Sanyin idona, wa ya taɓa min ke? Yau ko ruwa babu ga bawan Allah ma'aikaci?"

"Yayana..."

"Na'am, rabin raina."

"Don Allah... kar ka duba layin baya."

Murmushin ya gushe daga fuskarsa a hankali.

"Nawa ne?"

"Biyar, na aro ne ta jera a gurbinsu. Ba sata ta yi ba, wallahi! Tausayi ne!"

"Na san Inna. Da tun farko ta faɗa min, da na kai maganar ofis da kaina, na roƙa. Amma aro? A jera min?" Ya dube ta, ya ce, "A duk gidan nan ke kaɗai ce ban taɓa haska wa tocila ba."

"Sau ɗaya ne. Don ni... in har kana sona."

Kai, wannan kalma! Tana fita Auta ta so ta haɗiye ta, amma ina.

Ya shige ciki. Mata suka kaure da gaisuwa, wata tsohuwa mai tsokana ta ce, "Angonmu, yau ma wandon nan zai sha ƙasa?"

Ya durƙusa a na farko, ya haska, ya rubuta. Na biyu. Na uku. Ɗakin ya yi tsit, sai kwanon rufi da iska ke kaɗawa. Ya gama na bakwai ya miƙe, ya taka zuwa layin baya. Inna ta dunƙule bakin zaninta. Ya ɗora hannu a kan atamfar, ya daɗe a haka, idonsa cikin na Auta.

Sai ya janye hannun.

Ya sa hannu a takarda, ya miƙa wa Inna. "Komai daidai, Inna."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana!"

Bai ce amin ba.

Auta ta bi shi da gudu har inda ya ajiye babur. "Na gode, Yayana! Allah ya..."

"Gobe zan nemi a mayar da ni wani yanki."

"Wani yanki? To mu fa?"

"Shekara shida ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba, Auta. Yau kin roƙa, na yi."

"Ba zan ƙara ba! Na rantse!"

"Za ki ƙara, uwarki ce. Ni kuma zan ƙara yi, don ba na iya ce miki a'a." Ya hau babur ɗin. "Wannan mutumin nake tsoro. Ba shi kika so ba, kuma ba shi zan kai miki gida ba."

"Yayana, kar ka yi min haka..."

Ya tada babur, bai waiwayo ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

"Auta!" muryar Inna ta taso daga ciki, cike da murna. "Angon ya tafi? Zo kama min mu mayar wa mutane kayansu kafin ruwa ya sauko!"

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta shiga, ta kama gefe ɗaya.

"Sa ƙarfi mana, amarya!" in ji Inna tana dariya. "Ko sai na kira miki shi?"