Jan Zakara da Korayen Jirage

A duk garin Takoradi na ƙasar Gana babu gwanin yaƙin sararin sama kamar wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare. Wannan magana babu shakka a cikinta, domin daga bakinsa aka ji. Ba zan faɗi sunansa ba. Uwarsa maƙwabciyata ce, kuma a wajenta nake sayen dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye.

Wasan da ya gwanance a kai sunansa Gaggafar Sama. Kyauta ake yin sa ta intanet. Kowa ya ɗauki jirginsa ya shiga tsakanin taurari, a raba 'yan wasa gida biyu, a yi ta harbe-harbe. Duk ranar Juma'a bayan an tashi, Madam Bentil mai koyar da kwamfuta takan bar yara su yi wasan a ɗakinta. Amma gwanin namu ba ya zama. A gida yake yi, ranar Asabar da hantsi, da tsohuwar kwamfutar babansa.

"Ni ba na wasa da 'yan koyo," in ji shi. "Shekaranjiya jirgi arba'in na kakkaɓo. Da hannu ɗaya ma, don ɗaya hannun yana riƙe da soyayyiyar ayaba."

Ekow, abokin zamansa a benci, ya buɗe baki. "Arba'in? Mutumina, da wane suna kake shiga?"

"Manya ba sa faɗin sunansu," in ji yaron.

Wata Litinin hedimasta, Masta Eshun, ya shigo aji ba fara'a. Ya ce iyaye sun kawo ƙara, wai wasan nan ɓata lokaci ne. Ya ce kafin ya yanke hukunci yana so ya ji ta bakin masu yin sa. Idan wasan banza ne, daga wannan Juma'ar an daina.

Wata 'yar ajin mai suna Araba ce ta fara miƙewa. Ta ce, "Yallaɓai, wasan yana koya mana haɗa kai. Idan ba ka tsare bayan ɗan'uwanka ba, duk ku mutu."

Ekow ya ce, "Ni abin da nake so, ba a biyan ko sisi. Sai dai intanet ɗin makaranta yana tafiya kamar tsohuwar da ta ɗauko kifi."

Aka yi dariya. Wata yarinya ta ce jiragen suna da kyau amma kiɗan yana sa ta ciwon kai. Wani ya ce sababbin shiga suna shan wuya a hannun tsofaffi.

Sai Ekow ya nuna abokinsa. "Yallaɓai, ga gwaninmu nan. Shi za a tambaya."

Yaron ya miƙe a hankali. Dama cike yake, don ranar Asabar an yi masa abin da ba zai manta ba.

"Yallaɓai, wasan nan zalunci ne!" ya ce da ƙarfi. "Cuta ce tsagwaronta! Mutanenka na gida su ne za su juyo su harbe ka. Ka je kusa da su ka gaishe su, su sakar maka wuta. Kuma da zarar ka fara cin nasara, sai a kore ka daga fili. Sau nawa ana kora ta! Hassada ce kawai. Ni har na shiga shafinsu na ba su tauraro ɗaya. Da akwai rabin tauraro, shi zan ba su!"

Masta Eshun ya gyara tabarau.

"To," ya ce. "Idan wanda ya fi kowa iyawa ya ce cuta ce, ni me zan ƙara? An rufe."

Ya fita. Madam Bentil ta bi bayansa da sauri.

Lokacin tara, yara suka yi wa gwanin ca a gindin mangwaro.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Araba. "Ko sau ɗaya ba ka taɓa zama da mu ba, amma ka kashe mana Juma'a!"

"Gaskiya na faɗa," in ji yaron. "Gaskiya ce ba kwa so."

Kobina, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ya tura baki gaba. Ya ce, "Ni dai wuri ɗaya na yarda da shi. Akwai maciya amana a wasan nan. Duk Asabar ni da Araba mukan shiga daga gida. Akwai wani ɗan banza mai suna Jan Zakara. Tare muke da shi, amma sai ya lallaɓo ta baya ya harbe mu. Ya juya jirginsa a sama, ya rubuta Kukuruku. Ranar da na kama shi, sai na fige shi gashi ɗaya-ɗaya."

Yaron ya daina tauna ayabar da ke bakinsa. Ai shi ne Jan Zakara.

A ransa ya ce, "Ji ƙarya! Tare da wa? Abokan gaba kawai nake harbi. An ci su da yaƙi, sun koma ƙage." Amma ya dubi hannun Kobina, ya ga faɗinsa ya kai faranti. Sai ya haɗiye ayabar.

"Jan Zakara?" ya ce. "Ban taɓa jin sa ba. Amma daga jin sunan ka san mutumin banza ne. Idan kun kama shi ku kira ni in taya ku."

Ana cikin haka Madam Bentil ta iso. Ta ce ta roƙi hedimasta, ya yarda zai zo ranar Juma'a ya ga cutar da idonsa kafin ya sa hannu. Ta dafa kafaɗar yaron tana murmushi.

"Kai za ka nuna masa," ta ce. "A babban allo, kowa ya gani."

Ranar Juma'a da safe gwanin ya tashi da ciwon ciki. Ya kwanta a kan benci yana nishi.

"Maame, yau ba zan iya zuwa makaranta ba."

Uwarsa tana naɗe dokunu a ganye, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Cikin da ya cinye dokunu biyu da kan kifi yanzun nan? Allah sarki. Bari in dafa maka ganyen darbejiya."

Jin darbejiya, ciwon ya sauka daga ciki ya koma hannu.

Babansa yana ɗaure takalmi zai tafi aiki tashar jiragen ruwa. Ya ce, "Wai wasan nan da kake zagi tun Asabar, ka taɓa karanta yadda ake yin sa? Na ga yana fito maka da rubutu, kana rufewa."

"Papa, wannan na 'yan koyo ne."

"Haka ne," in ji baban. "Na manta da iyawarka aka haife ka. Ɗauki rigarka ka wuce."

Rigar ja ce, domin Juma'a kowa rigar rukuninsa na wasannin makaranta yake sawa. Yaron ɗan rukunin Ja ne, kuma ba ya wasa da wannan. Tun da rukunin Kore suka ƙwace kofin tsere bara, ko koren biro ba ya ara. Ya ce alƙalin tseren kawun wata 'yar Kore ne. Har yau ba a gano wace 'yar Kore ce ba.

Bayan an tashi, ɗakin kwamfuta ya cika. Masta Eshun ya zauna a gaba ya harɗe hannu. Araba da Kobina suka zauna a nasu injin, aka sa su gida ɗaya da gwanin a wasan.

"Shiga da sunanka," in ji Madam Bentil.

"Na manta lambar sirrina, Madam."

"Gwani guda?" in ji Araba.

Ekow mai kirki ya ce ya shiga da nasa. Yaron ya yi ajiyar zuciya. Suna dai ya ɓoyu.

Aka fara. Taurari suka cika allo. Ga jirage masu jan zobe can nesa suna tahowa. Ga wasu biyu masu koren zobe nan kusa da shi, sun juya masa baya, ko kallonsa ba sa yi.

Wannan rainin ne yake ba shi haushi kullum. 'Yan Kore, a gabansa, har da juya baya! Ya manta da hedimasta. Ya manta da hannun Kobina. Ya lallaɓa, ya saita, ya danna.

Fau! Koren jirgi ɗaya ya tarwatse.

"Kai!" Kobina ya yi ihu. "Wa ya harbe ni?"

Fau! Na biyu ya bi shi.

Daɗi ya kwashe gwanin. Ya juya jirginsa a sama, yatsunsa suka ruga da kansu kan madannai. A babban allo, gaban kowa, rubutu ya fito: Kukuruku!

Araba ta miƙe tsaye, kujerarta ta faɗi.

"Jan Zakara!" ta ce. "Wallahi shi ne! Ga shi nan a zaune!"

Ɗakin ya kaure. Kobina ya taso, Madam Bentil ta tare shi da hannu ɗaya. A allo kuwa jajayen jiragen sun iso. Yaron ya tafi wajensu da gudu kamar mai taryar baƙi. Suka haɗu suka yi masa ruwan wuta. Kafin ya farfaɗo, wasan ya kore shi daga fili.

Ya juyo a fusace. "Yallaɓai, ka gani ko? Ka gani da idonka! Na kashe abokan gaba biyu, 'yan'uwana Ja suka kashe ni, kuma aka kore ni! Wannan adalci ne?"

Madam Bentil ta dube shi, ta dubi jar rigarsa. Ta rufe baki da hannu.

"Zo nan," ta ce. "A ganinka su wa ne mutanenka a wasan?"

"Ja mana, Madam. Ni ɗan Ja ne."

"Kore fa?"

"Haba Madam. Kore ai Kore ne."

Masta Eshun ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya cire tabarau yana share ido. Daga nan kowa ya ɗauka.

Madam Bentil ta buɗe shafin farko na wasan, wanda yaron yake rufewa kullum. Ta sa shi ya karanta da ƙarfi. Koren zobe, abokinka ne. Jan zobe, abokin gaba ne. Wanda ya harbi abokansa biyu za a fitar da shi.

"Masu wasan nan suna can wata ƙasa," ta ce. "Ba su san rukuninka ba. Ba su san an yi tsere bara ba."

"Ya kamata su tambaya," in ji yaron, amma a hankali.

Araba ba ta huce ba. Koriyar riga ce a jikinta. "Ka harbe mu, ka zagi wasan, ka sa an rufe mana, sannan ka ce mu kira ka ka taya mu dukan kanka!"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Ban sani ba. Kuma da na ji sunan, tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Yallaɓai, wasan ba shi da laifi. Don Allah kar a rufe saboda ni."

Masta Eshun ya mayar da tabarau. Ya ce, "Ba za a rufe ba. Amma ku saurara, dukanku. Kada ka yanke wa abu hukunci kafin ka koyi yadda yake. Idan ba ka sani ba, ka tambaya. Kuma ƙarya ba ta rufe kuskure, ƙara shi take yi. Kun ji?"

"Mun ji, Yallaɓai!"

Nan take Madam Bentil ta sa shi ya shiga shafin wasan ya goge zagin da ya rubuta. Lambar sirrin da ya manta ta dawo masa ba wuya. Ya ba su tauraro huɗu. Ya ce na biyar ɗin sai ranar da suka gyara launi.

Aka sake sabon zagaye. Aka zaunar da shi tsakanin Araba da Kobina, kowa yana lura da yatsunsa. Da ƙyar ya iya tsare bayan koren jirgi, yana yi yana ɓata fuska. Amma suka ci. Kobina ya buga masa faffaɗan hannun nan a baya, na murna, har sai da ya yi tari.

A hanyar gida suka tsaya sayen soyayyiyar ayaba. Ciki ya ɗauka, baki ya dawo.

"Ko ba komai," in ji yaron, "jirgi arba'in ɗin nan dai na kakkaɓo su. Kore ne ko Ja, arba'in arba'in ne."

"Da hannu ɗaya?" in ji Ekow.

"Da hannu ɗaya."

Araba ta lashe yatsanta. Ta ce, "Wasan yana korar mutum da zarar ya harbi nasa biyu. Yau ma ka gani. To sauran talatin da takwas ɗin, a ina ka same su?"

Gwanin ya dubi abin da ke hannunsa. Sai ya miƙa mata ragowar ayabarsa.