Akuyar Surukin Honorabul

Asama'u na tankaɗe a tsakar gida, mahaifiyarta Inna Hure na tsinkar zogale, sai ga Baffa Badaru ya yi sallama da damin fosta a hammata. Ƙanin mahaifinta ne, kuma shi ke riƙe da kamfen tun da mahaifin nata, Malam Sama'ilu, ya ajiye koyarwa ya fito takarar majalisar jiha. Ko zama bai yi ba ya ce ranar Asabar za a yi taron gudunmawa a filin firamare, za a kira sunan kowa a lasifika a faɗi abin da ya kawo, kuma gari ya kasa kunne ya ji na surukin gidan.

Surukin shi ne Uwaisu, wanda aka sa ranarsu da Asama'u bayan kaka. Shekarar kuwa ba ta yi wa kowa daɗi ba, kwanon gero ya ninka, takin zamani ya gagari talaka. Uwaisu ba shi da komai sai gonar da mahaifinsa ya bari a bakin titi, wadda dillalai daga Ungogo suka daɗe suna zawarci don su yanka fuloti.

"Ya sayar mana," in ji Baffa. "In Yaya ya ci, irinta nawa zai saya? Ko so yake a kira sunansa a ji shiru?"

Da la'asar Uwaisu ya zo zance, ya faɗa mata har ya yi magana da dillali, gara gonar ta tafi da ya rasa ta.

"To in ta tafi, a ina za ka nomo mana tuwo? A jikin fosta?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tuna masa shekara talatin babansa na ɗauko taki a jaki daga birni kafin ƙasar nan ta yi baƙi. Ta ce in aka sayar saboda ita, ba ta san da wane ido za ta dubi mahaifiyarsa ba.

Ranar Asabar masu hali suka yi ta miƙa kuɗi ana tafi. Da aka zo kan Uwaisu, wanda ya fasa sayar da gonar, mai lasifika ya ja murya: "Surukin Honorabul, akuya ɗaya!" Filin ya ɗauki dariya. Kafin magariba Baffa ya sa an ɗage biki sai abin da hali ya yi, aka kuma hana Uwaisu ƙofar gidan. Malam Sama'ilu bai ce uffan ba. Gwaggonni suka yi wa Asama'u caa, wai ta fifita saurayi a kan ubanta. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Inna Hure dai cewa ta yi ta tashi ta yi alwala, Allah ya ga niyyarta.

Damina ta faɗi. Malam ya sayar da shanun huɗarsa aka sayi man mota da riguna masu hotonsa, ya tare a ofishin kamfen, ya bar wa Badaru kuɗin 'yan ƙwadago. Makwabta suka yi shuka, gonar Malam na nan fayau. Wata safiya Inna ta leƙa, ta tarar da Uwaisu da abokansa huɗu sun duƙa a ciki. Ya roƙe ta kada ta faɗa.

"Wannan ba ta lasifika ba ce, Inna."

Haka ya yi noman farko da maimai, ya yi girbi, ya ɗaure dammuna. Kullum Asama'u ke dama musu kunu, Inna ta kai. Ba su ga juna ba, sai dai kwanon ya dawo a wanke.

Aka yi zaɓe, Malam ya faɗi. Masu kiransa Honorabul suka ɗauke ƙafa. Ya dawo gida a rame yana tunanin abin da za a ci, sai ya ga rumbu cike har baki. Ya yi hamdala, ya kira ƙaninsa ya hau yi masa godiya. Badaru ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ko gefen gonar ban taka ba. Kuɗin a mai suka tafi."

Inna Hure ce ta faɗi sauran, a hankali, Asama'u na bayan ƙyaure tana ji.

Malam bai aika kowa ba. Da ƙafarsa ya je, ya sami Uwaisu yana baza taki a gonar nan ta bakin titi. Ya daɗe yana kallon ƙasar, sannan ya ce, "Na ji an yi maka dariya a gabana na yi shiru. Ka yafe mini. Yaushe mutanenka za su zo?"

Bayan sallah aka ɗaura aure, Baffa Badaru ne ma waliyyi. Da amarya ta shiga gidanta ta sauke ajiyar zuciya, tuwon farko da ta tuƙa kuma na dawar gonar nan ta bakin titi ne.

'Yan mata, ku duba da kyau. Mai ƙaunar gidanku ba a lasifika ake gane shi ba. Ku yi haƙuri ku ga wanda zai tsaya bayan an naɗe rumfa, kuma kada ku bari a rusa abincin gobe don tafin yini ɗaya.