Tukunyar Faransa ta Kawu Velaphi

"Ni nan da kuke gani," in ji Kawu Velaphi, yana dukan ƙirjinsa da cokalin shayi, "shekara uku na yi a Faransa. Da idona na ga inda ake narka ƙarfen. Ku ɗaure min ido, ku jera tukwane goma, in ƙwanƙwasa su da ɗan yatsan nan, zan faɗa muku wacce ce 'yar asali, wacce ce jabu, har da sunan Baturen da ya zuba ta!"

A falon ƙanwarsa MaShezi yake wannan jawabi, a Umlazi, wata unguwa a birnin Durban, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Tun da mijinta ya rasu, maganar Kawu ce magana a gidan. A kan tebur ga takardar kayan da dangin ango za su kawo ranar umembeso, ranar da ake lulluɓe surukai da barguna. Shanun sadaki an gama da su tun bara. Wannan 'yar takarda kaɗai ta rage tsakanin Phumelele, 'yar MaShezi, da ɗakin mijinta.

MaShezi ta rubuta abin da kowace uwa ke rubutawa: bargo ga kaka, kwat ga kawu, baƙar tukunya mai ƙafa uku ga uwar amarya. Kawu ya zaro biro ya soke layin ƙarshe.

"Mai ƙafa uku? Haba, ƙanwata! A ƙauye muke? Yarinyar nan nas ce fa. A rubuta tukunyar Faransa, ta ƙarfe mai nauyin nan da aka shafe ta da tangaran ciki da waje. Babba, ja. In ba ita ba, babu biki."

"Yaya, yaron nan ya yi ƙoƙari..."

"Ƙoƙari na gaba ma zai yi. Ke me kika sani game da duniya?"

MaShezi ta dube shi, ta ninke takardar. Phumelele kuwa tana bayan ƙofar kicin da faranti a hannu, tana jin kamar an ƙara nesanta mata garin da ta riga ta hango fitilunsa.

Bhekani, angon, ba ya shiga gidan, don suruki ba ya taka ƙofar surukai haka kawai. A kwanar layi yake tsayawa, gindin wani mangwaro, da hularsa a hannu ko da babu babba a kusa. Ma'aikacin wutar lantarki ne a masana'antar sukari, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta fashe masa a baki. Nan ta same shi da yamma ta faɗa masa.

Ya ce, "To, mu je mu gan ta."

Asabar suka hau tasi biyu zuwa wani babban kanti a Umhlanga, unguwar masu kuɗi. Tukunyar na zaune ita kaɗai a ƙarƙashin fitila kamar sarauniya, ja jawur a gindi, tana washewa zuwa ruwan lemo a sama. Bhekani ya juya 'yar takardar farashin, ya mayar da ita a hankali yadda ya same ta.

Mai kula da sashen, wata dattijuwa Ba'indiya da ake kira Misis Govender, ta lura da su.

"Aure ne, ko? Na gan shi a fuskarku. Ku zo in faɗa muku gaskiya, mai kantin ba ya nan." Ta ɗauko wata daga can ƙasan kanta, ita ma ja. "Wannan ba ta da suna, kuɗinta bai kai rubu'in waccan ba. Ku dafa jelar sa a ciki, ku dafa a waccan, ko shugaban ƙasa ba zai bambance miyar ba."

"To me ya sa waccan take tsada haka, Anti?" in ji Phumelele.

"Ɗaga murfin ki ji. Kin ga yadda ya zauna daram, tururi ba ya fita? Shafa bakin. Mai arahar, shekara biyar ko shida bakinta zai fara ɓantarewa. Waccan jikarki ma za ta yi girki da ita. Sauran kuma kuɗin suna ne, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Amma ku ji da kyau, dukansu biyu doka ɗaya ce: kada a ɗora su a wuta babu komai a ciki, kada a zuba musu ruwan sanyi suna da zafi, kada a kankare su da ƙarfe."

Da suka fito, Phumelele ta riƙe hannun rigarsa.

"Bebi, filis, mu sayi mai arahar. Kalarsu ɗaya. Kawu ba zai gane ba, na rantse. Wata mai zuwa sai a yi biki."

"Ba zai gane ba, amma ni na sani."

"Bhekani!"

"Sori, Phume. Ba zan shiga gidanku karon farko da ƙarya a hannu ba. Duk ranar da Mama ta ɗora ta a murhu tana alfahari, ina zan sa idona?"

Ta yi fushi har tashar tasi. A cikin motar kuma ta ɗora kanta a kafaɗarsa ta yi kuka ba sauti.

Daga nan tukunya ta cinye musu Asabar. Bhekani ya karɓi aikin ƙarin lokaci duk ƙarshen mako, gindin mangwaro ya zama wurin awaki. Ya riga ya kama ɗaki biyu a Montclair, ya yi musu fenti da kansa, ya rataya labulen da ita ta zaɓa, amma ko sau ɗaya ba ta ga yadda rana ke ratsa labulen da safe ba. Hoto yake turo mata: ga kujerarki, ga ƙugiyar da za ki rataya jakarki, ga wurin kofinki kusa da nawa. Takan buɗe hotunan a lokacin hutu a asibiti, ta ƙura musu ido har shayinta ya huce. Wata rana ta hango wani dogo da hula a hannu a bakin titi, ta sa aka tsayar da tasi, ta sauka da gudu. Wani ne daban, mai sayar da rake.

Sanyi ya shigo ya wuce. Mangwaron ya yi fure, ya zubar, ya ɗaure 'ya'ya.

Kawu Velaphi kuwa yana nan duk Lahadi, zamansa a Faransa yana ƙaruwa kamar ƙullin burodi. A watan Yuni shekara biyar ne, zuwa Agusta ya kai bakwai. Wata maƙwabciya ta tambaye shi yadda ake cewa ruwa da Faransanci, ya ce mutanen can ba sa shan ruwa, shi ya sa ba su da kalmar. Limamin cocinsu ya tambaye shi wane gari ya zauna, ya ce duka. MaShezi tana tuƙa tuwon phuthu a kicin tana jin komai, muciyarta na ƙara sauri, bakinta a rufe. Yayanta ne, shi ya biya mata makaranta.

Wata bakwai cif, Bhekani ya kira ta a waya: "Phume, na ɗauko ta. Ga ta nan a cinyata cikin tasi, na biya mata kujera."

Ranar umembeso layin ya cika. Dangin ango suka tsaya a bakin ƙofa suna waƙa har aka buɗe musu, mata na guɗa, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya ana lulluɓe mutum da bargo. A bayan gida manyan tukwane masu ƙafa uku na tafasa a kan itace. Phumelele na zaune a tabarma, mayafi a kafaɗa, ido a ƙasa, kamar yadda amarya ke yi. Bhekani na can gefen maza, shi ma kai a sunkuye. Ta ƙasan ido ta hango takalminsa kawai.

Aka buɗe kwali. Jar tukunya ta fito cikin rana, mata suka ce, "Kai! Kai! Kai!" MaShezi ta shafa ta da tafin hannu kamar jariri.

Kawu ya miƙe cikin sabon kwat ɗinsa. Ya ƙwanƙwasa murfin, ya kara kunne, ya lumshe ido.

"Hmm. Muryar ta yi kama. Amma wuta ce alƙali. Ku kawo ta murhu!"

Kowa a wurin ya san yadda ake yi wa sabuwar baƙar tukunya: a ƙona ta a wuta babu komai a ciki, a watsa mata ruwa, a cuɗe ta da yashi, a shafe ta da kitse, sannan a fara girki. Don haka babu wanda ya ga laifi da Kawu ya ɗora jar tukunya fayau a tsakiyar garwashi, ya ƙara itace.

Mutum biyu kaɗai suka san abin da zai faru, kuma su biyun ne al'ada ta ɗaure wa baki a ranar. Phumelele ta danne harshenta da haƙori. Bhekani ya raɗa wa baffansa, baffan ya raɗa wa na kusa da shi, kafin saƙon ya zagayo ya koma cewa ango na jin ƙishirwa, aka miƙo masa ruwa.

"Haka muke yi a Faransa!" in ji Kawu. Da cikin tukunyar ya fara hayaƙi, ya ɗauki bokitin ruwan famfo ya kwara.

Tas! Tas! Taratas! Tangaran ya riƙa tsalle kamar gugguru. Da tururi ya washe, farin cikin tukunyar ya tsattsage kamar ƙasan fadama a rani, wani ɓangare ya ɓare har baƙin ƙarfe ya bayyana.

Waƙa ta mutu. Kawu ya dubi tukunya, ya dubi jama'a. Sai ya ɗaga murya.

"Jabu! Na faɗa tun daga ƙarar! 'Yar asali ko a cikin rana ka jefa ta ba za ta yi ƙyas ba. Mu za ku yaudara? Ku kwashe bargunanku!"

Dangin ango suka miƙe da hayaniya. Phumelele ta manta da mayafi da al'ada.

"Kawu, tare muka je kantin! An ce kada a..."

"Rufe min baki! Amarya na magana a gaban surukai? Kun ga irin tarbiyyar zamani!"

Ta fashe da kuka. Labulen da ba ta taɓa ja ba, da kofin da ke jiran kofinta, duk ta ga suna komawa nesa.

Sai Bhekani ya taso. Ya zo gaban Kawu ya durƙusa, hula a hannu, idonsa a ƙasa.

"Baba, ba jabu ba ce. Amma ban zo in yi musu da ku ba. In an ce in kawo wata, zan kawo. Wata bakwai ne, ko shekara, zan jira. Abin da nake roƙo kawai, kada a ce in daina zuwa."

MaShezi ce ta ajiye bargon da ke kafaɗarta, ta naɗe zane a hannu, ta sauke tukunyar daga wuta da kanta.

"Tashi, ɗana. Ni ban nemi wannan tukunya ba, mai ƙafa uku na rubuta, wadda za ta ciyar da mutum sittin a kan itace. Wata bakwai ina kallon 'yata tana ramewa, ina leƙa kwanar nan ban ga kowa a gindin mangwaro ba. Tukunyar mai kyau ce, hannun da bai san ta ba ne ya kashe ta, da mai tsada da mai araha duk haka za su yi. Na karɓa. 'Yan mata, ku buɗe kunne: kaya komai tsadarsa yana fashewa cikin minti ɗaya. Abin nema shi ne mutumin da aka ƙona masa gumin wata bakwai a gabansa, ya durƙusa ya ce zai sake. Irin wannan ba a sayar da shi a Umhlanga. A sa ranar biki, wannan watan!"

Guɗa ta tashi har layi na uku. Phumelele ta ɗago ido karon farko a ranar, ta same shi yana kallonta, shi ma ya manta da al'ada.

Da Kawu ya yi shiru a nan, da ya tsira da kwat ɗinsa da girmansa. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki.

"Ke dai mace ce, tausayi ya rufe miki ido. Ni da na yi shekara tara a Faransa..."

MaShezi ta juyo, ta riƙe ƙugu. Shekara talatin tana riƙe da wannan magana.

"Yaya, wace Faransa?"

"Wace iri kuma? Ai kin san a jirgin ruwa na yi aiki!"

"Na sani mana. Ɗan ƙaramin jirgin nan da ke jan manyan jirage zuwa bakin tasha a nan Durban. Ni nake kai maka abincin rana a ƙofar tashar, kullum ƙarfe ɗaya. Ƙarfe shida kana gida kana neman ƙarin miya. Faɗa wa surukanmu su ji, Yaya: Faransar nan, tsakanin ƙarfe ɗaya da shida kake zuwa ka dawo?"