Kunun Ayar Dada

Wata Asabar da hantsi Amatullah ta tsaya a gaban wani shagon kayan ƙamshi a Kasuwar Muda Lawal, ta ce a auna mata kanumfari mudu uku.

Saurayin da ke ɗaure buhun citta ya ɗago kai. Dogo ne siriri, mai wushirya.

"Mudu uku, Malama? Ko cokali uku kike nufi?"

"Mudu uku na ce."

"To Allah ya ji ƙan masu shan shayin nan."

Dariya ta suɓuce mata. Ta gaya masa ba shayi za ta dafa ba. Digiri na biyu take yi a jami'a. Tana tatsar man kanumfari da tururi, tana gwada ko zai kashe ƙwayoyin cutar da ke shiga abinci su sa mutum amai da gudawa.

Yana jin haka ya ture buhun da ke gabansa, ya shige ciki ya fito da wani. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya danna da farce, sai ga maiƙo ya fito.

"In mai kike nema, wannan za ki saya. Wancan ya daɗe, ƙamshin kawai ya rage masa."

Shekararta guda tana aikin nan, ba wanda ya taɓa nuna mata haka. Ta tambayi sunansa, ya ce Mahfuz. Shi kuma ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita in sabon kaya ya zo.

Washegari saƙo ya shigo:

"Salam. Kaya bai zo ba tukuna. Kawai ina son jin ko ƙwayoyin sun mutu."

Ta karanta sau uku kafin ta rubuta:

"Wasu sun mutu, wasu na taurin kai. Na gode, Mai Ƙamshi."

Daga nan sunan ya bi shi, wani lokaci kuma ta ce masa Hamma, wato yaya. Shi kuwa Likitata yake ce mata, ko da ta sha gaya masa ita ba likita ba ce. Bayan wata huɗu ya je ya gaida mahaifinta, Malam Babayo. Dattijon ya yi bincike, ya ji marayan nan shi ke riƙe da shagon ubansa da amana, ya ba shi izinin zuwa zance.

Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mata gora biyu ta kunun aya mai sanyi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ita ke yi a unguwar Gwallaga, shekara ashirin ke nan. Abin da ke damun Dada ɗaya ne: in aka ɗauke wuta, kafin magariba kunun ya yi tsami, sai dai a zubar.

Nan Amatullah ta yi kuskure. Ba ta tambayi kowa ba ta kai gora ɗaya ɗakin gwaji. Da ta ga sakamako ta tura masa:

"Hamma, na gwada kunun Dada. Akwai ƙwayoyin cuta a ciki da yawa. Ka kira ni."

Ashe wayar Mahfuz tana caji a tsakar gida. Maimuna, 'yar goggonsa, wadda ta daɗe tana sonsa shi bai kula ba, ita ta ga saƙon. Ta karanta wa Dada, ta ƙara da nata.

Da yamma ya kira ta, muryarsa a sanyaye.

"Dada ta ce yarinyar da ba ta shigo gida ba har ta fara kiranta ƙazama. Ta ce in manta da maganarki."

"Wallahi ba haka nake nufi ba."

"Na sani, Likitata. Amma da kin fara tambaya. Kyauta ta aiko miki, ba kayan gwaji ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Kwana biyar ba ta iya cin abin kirki ba. A rana ta shida ta gaya wa mahaifiyarta komai, ta yafa gyale ta hau keke zuwa Gwallaga.

Ta tarar da Dada tana wanke aya. Ta durƙusa har ƙasa.

"Dada, na yi laifi. Kin aiko mini da alheri, na taɓa miki sana'a ban nemi izini ba. Ki yafe mini."

Dada ta gama wanke ayar da ke hannunta. Can ta tura mata kujera 'yar tsugunno da ƙafa.

"Zauna. Ki kalli yadda nake yi, ki nuna mini inda ƙazantar take."

Amatullah ta zauna ta zuba ido. Aya wanki uku, tsumman tata fari fes, hannu kuwa ba a daina wanke shi. Sai da aka gama tacewa ta ga Dada ta fasa ƙanƙarar da aka sayo a waje ta jefa cikin kunun.

"Dada, in kin yarda, zan ɗibi kunun da ba a sa wa ƙanƙara ba, in ɗibi ƙanƙarar daban."

"Ɗiba. Yanzu kin tambaya."

Bayan kwana uku ta dawo da hotunan farantan gwaji a wayarta. Na kunun Dada zalla, ɗigo-ɗigo ne ƙalilan. Na ƙanƙara kuwa ya cika dam.

"Kin gani, ba hannunki ba ne. Ruwan ƙanƙarar ne ba mai kyau ba."

Dada ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kalli Maimuna da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Kin ji ko? Ba hannuna ba ne."

Maimuna ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Amatullah ta nuna wani hoton. Ƙwayoyin sun rufe faranti, sun bar fili zagaye da inda aka ɗiga man kanumfari.

"Tsoronsa suke ji?" in ji Dada.

"Ba sa iya rayuwa kusa da shi."

"Yo mu ai tun iyayenmu ake jefa kanumfari a kunu. Ashe sai yanzu boko ya gano!"

Suka shirya gwaji. Ƙanƙara ta koma bayan gora, ba cikin kunu ba, gorunan kuma aka koma wanke su da ruwan zafi. Amatullah ta kawo 'yar kwalbar man. Tana juya baya Dada ta tsiyaya son ranta, ta kurɓa, ta furzar tana fifita baki.

"Wayyo harshena! Yarinyar nan kashe ni za ki yi?"

"Dada, ai da awo ake sa shi! Ɗan kaɗan ne, kuma ni zan riƙa auna miki."

Suka yi ta dariya har da hawaye. A haka Mahfuz ya shigo ya same su, ya tsaya riƙe da baki.

Gwajin da aka yi da awo ya yi kyau. Ranar wuta ba ta zo ba sam. Da magariba gorar da ba a sa wa mai ba ta yi tsami, ɗayar kuwa tana nan da daɗinta. Dada ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta dubi ɗanta.

"Gobe ka je ka kira mini Bappanka."

Bai ko zauna ba ya tura saƙo:

"Likitata, Dada ta ce a kira Bappa Ja'afaru, ƙanin Babana. Kin san ma'anar haka?"

"Na sani, Hammana. Alhamdulillah. Kukan murna nake yi."

Wata biyu bayan ta kare aikinta a gaban malamai, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. 'Yan layin kayan ƙamshi suka rufe shaguna suka zo gaba ɗaya. Maimuna da kanta ta nemi gafara, ita ce ma ta riƙe wa amarya jaka.

Da aka kai Amatullah gaban Dada, ta rufe fuska ta ƙi magana, kamar yadda amare ke yi. Mata suka ce sai an sayi baki.

"Ina da karsana a Zungur, ja mai farin goshi," in ji Dada. "Ban taɓa tunanin rabuwa da ita ba. Na ba 'yata."

Guɗa ta tashi. Dada ta kamo hannun Amatullah ta sa a na Mahfuz.

"Ga amana nan, ka riƙe ta da kyau. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Gida ya amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi, Amatullah ta ƙara damƙe hannun mijinta.